Yadda Aka Yi Na Zama Alhajin Jet

A shekarar da rana ta yi husufi da hantsi, har kaji suka koma akurki, tsuntsayen tafkin Madarumfa suka yi tsit, a shekarar ce na samu sunan da kuka daɗe kuna jin ana kirana da shi. Waɗansunku sun yi dambe a kansa a hanyar lakwal, makarantar boko, na sani, ko da ba ku faɗa mini ba. Jikokina kuwa sun ɗauka sunan girma ne, don sun tarar da hotona na Makka rataye a zaure. Kwanan baya ɗaya daga cikinsu ta duba wayarta ta ce mini wai jet da Turanci jirgin sama ne mai gudu, shi ke nan. Na ce mata ba shi ke nan ba. Don haka na zauna na rubuta wannan babi da ajamina kamar sauran. Wanda zai juya shi zuwa boko ya juya, amma kada ya rage komai.

Ni mutum ne mai nauyin baki, amma zuciyata ba ta taɓa zama wuri ɗaya ba. Tun ina saurayi, in na ga mota ta ɗauki hanyar Ɗan Issa sai in ji kamar wani abu nawa ne ta tafi da shi. Na yi karatu a Katsina, na so in wuce gabas, sai mahaifinmu ya rasu ya bar mini lambun bakin fadama da ƙanne. Na dawo da niyyar damina ɗaya, sai ga ni da furfura a nan. Lambu ba ya barin mutum ya yi nisa, kullum akwai abin da ke jiran ruwa. Duk da haka ban fasa ɗaga kai ba in na ji ƙarar jirgi a sama. Innarku Rabi takan ce wuyana zai ƙage wata rana.

Lambun da ke gabas da namu na Mushe Bulus ne. Mutumin Maraɗi ne, Kirista, iyayensa sun tashi a hannun ƴan mishan. Ya koyar a lakwal, inda ake ce wa malamai Mushe, har ya ajiye alli, sannan ya sayi wurin ya dawo Madarumfa da matarsa Saratu. Ya iya Faransanci, ya iya Turancin Ingilishi, amma da ya zo bai san bambancin irin albasa da ciyawa ba. Ni na nuna masa. Da ban ruwa da guga ya gagare mu, muka haɗa hannu muka sayo injin ban ruwa a kasuwar Jibiya, muka haƙa rijiya a kan iyakar lambunan biyu. Daga nan muka yi wani shiri da ba a rubuta ba, ba a kira shaida ba: ranar Juma'a shi zai shayar da nasa da nawa, in tafi masallaci hankalina kwance, ranar Lahadi ni zan shayar da nawa da nasa, ya hau mota da matarsa su tafi majami'arsu a Maraɗi. Mutane sun yi surutu, suka gaji suka bari.

Injin nan yana da cuta guda. Isansin kwalba, wato fetur, da ake tsallako da shi daga Najeriya ba ya rasa datti. In dattin ya shiga, sai inji ya yi tari ya mutu. A cikin karbiratarsa akwai wani ɗan ƙarfen tagulla, bai fi ƙwayar masara ba, da huda a tsakiya wadda da ƙyar gashi zai wuce. Ta nan mai ke fesowa. Mushe yana kiransa jiklar. In ya toshe sai a kwance shi, a sa a baki a hura, a ɗaga shi wajen rana har a hango haske ta cikin hudar. Haka kawai. Ba a sa masa waya, ba a sa masa allura. Bakinmu mu biyu ya daɗe yana warin isansi.

Ranar husufin muna lambu tare. Hasken ya fara yin wani iri, kamar an zuba masa toka, iska mai sanyi ta taso a tsakiyar bazara. Daga cikin gari muka jiyo kabbara da kukan yara. Na dubi inji yana aiki, na dubi hanyar masallaci.

"Tahi, Malam," in ji Mushe. "Yau ba Juma'a ba ce, amma na ba ka ita kyauta. Ka roƙa mana a maido mana da ita, tumatirina bai nuna ba."

Na tafi muka yi sallar husufi, liman ya tsawaita karatu har rana ta washe. Da na koma na tarar ya gama nasa ya shiga nawa. Muna tsaye sai ga jirgi can ƙololuwa, ƙarami kamar allura, yana jan farin zare ya nufi gabas. Na bi shi da ido har ya ɓace.

"In Allah ya yarda sai na hau wancan," na ce.

"Jet ke nan," in ji shi. "Ka san ruwan da ke tsartowa daga bakin tiyon nan, shi ma Bature jet yake ce masa?"

"Mi ya haɗa jirgi da tiyo, Mushe?"

"Jifa. Asalin kalmar daga Faransanci ta fito, jeter, wato a jefa. Ingilishi suka ara. Duk abin da aka matse ya fito da ƙarfi ta ƙaramar kafa, jet ne. Ruwa ne, wuta ce, iska ce. Jirgin nan iska mai zafi yake jefawa ta baya, ita ke tura shi gaba, shi ya sa aka ba shi sunan."

"To ai Hausa ce suka sata. Jefa, jete."

Ya yi dariya har tiyo ya kauce ya jiƙa masa wando.

"Na so a ce haka ne, Malam, amma ba su da dangantaka. Kama ce kawai, irin ta mutum biyu da suka haɗu a kasuwa."

Da yamma na rubuta kalmar a gefen allona, jim da ta, baƙi biyu kacal. Na yi mamakin yadda ƙaramin abu haka ya ɗauki jirgi da ruwa.

Da damina ta ja baya abubuwa biyu suka faru kusa da juna. Na farko, Alhaji Mamman, mai manyan motoci a Ɗan Issa, wanda na karantar da ƴaƴansa, ya aiko a kira ni. Ya ce ya biya mini kujerar Makka, in shirya. Ban san yadda na dawo gida ba. Na yi sujada a tsakar gida, innarku ta yi guɗa. Daga ranar barci ya ƙaurace mini, abinci ba ya wucewa, in na zauna sai in tashi. Aka yi fasfo, aka yi allurar riga-kafi a Maraɗi. Innarku ta daka yaji, ta soya dambun nama, ta ɗura garin kunu. Mutane suka fara ce mini Alhaji tun ban taka ko'ina ba, ni kuwa ban hana su ba. Na biyu, Saratu matar Mushe ta kwanta zazzaɓi, aka kai ta likita, wato asibiti, ba ta dawo ba. Mun je Maraɗi gaisuwa ni da innarku. Bayan an gama zaman makoki ya dawo Madarumfa, ya shiga ɗaki, bai sake leƙa lambu ba. Juma'a ta zo ta wuce, na shayar da sassafe na ruga masallaci. Wata ta zo, haka.

Aikin hajjin shekarar ya faɗo a cikin sanyi, daidai lokacin da aka dasa albasa, ƙanana ne, saiwarsu ba ta kama ba. Albasa a wannan hali in ta yi ƴan kwanaki ba ruwa, an gama. Ni na dasa tawa, na dasa tasa, don irinsa na nan a ƙasa tun kafin rasuwar. Yayanku Sani yana Najeriya a lokacin yana bin mota, sauranku ƙanana ne. Sai na aika garin Gabi a kira mini ƙanena Ilu. Ilu manomin gero ne, ƙarfi gare shi kamar sa, amma bai taɓa riƙe inji ba. Na nuna masa yadda ake ja, yadda ake jan ruwa daga fangali zuwa fangali, na ce in ya mutu ya kwance jiklar ya hura. Ya ce ya gane. Na bar shi ya gwada, na tafi sallama da dangi a garin Sarkin Yamma.

Da na dawo na tarar da inji yana fitar da baƙin hayaƙi, yana shaƙewa, in aka ja ya tashi ya sake mutuwa, isansi na ɗiga ta ƙasa.

"Ilu, mi ka yi masa?"

"Gyara shi na yi, Yaya. Na hura na hura bai buɗe ba. Sai na ari allurar ɗinkin buhu na soka masa, yadda muke yi wa risho. Na ma ƙara masa faɗi kaɗan, don ya sha mai da kyau ya ba da ruwa da yawa."

Na ɗaga ɗan tagullar wajen rana. Hudar da gashi ba ya wucewa, yanzu tsinke zai shiga. Allah ya yafe mini abin da bakina ya faɗa a wurin. Shi a ganinsa taimako ya yi, don haka ake yi wa kan risho a ko'ina in ya toshe.

Na nema a Maraɗi, aka ce irin wannan inji sai Najeriya. Tafiyarmu ta matso, motar maniyyata za ta ɗauke mu ranar Lahadi zuwa Yamai, inda jirgi yake. Na hau mota na wuce duwan, wato kwastan, a Ɗan Issa na shiga Jibiya. Na nuna wa wani bakanike abin, na ce jiklar nake nema.

"Baba, ku mutanen Faransa da iyayi. Jet sunansa. Kai, miƙo jet na ƙaramin inji."

Na yi tsaye ina dubansa. Ashe abin da na yi shekaru ina sa wa a baki, sunansa ɗaya da abin da nake mafarkin hawa. Na tuna maganar Mushe, ƙaramar kafa, fita da ƙarfi. A tashar Madarumfa da aka tambaye ni ina na fito, har na ba su labari ina dariya, na ce na je sayen jet ne. Da na sani da na yi shiru.

A gida na tarar Ilu ya ɗaure kayansa ya koma Gabi, ya ce a gaya mini shi ba yaro ba ne da za a zage shi a gaban mutane. Na leƙa lambu, albasa ta kwantar da kai, bakin ganyen ya fara fari. Na bi masu lambu ɗaya bayan ɗaya, kowa da nasa aikin ya sha kansa, ƴan ƙwadago kuwa sun tsallaka cin rani. Wanda na samu ya ce zai duba mini in ya samu sarari. Na san ma'anar wannan magana.

Sai na tafi wurin Mushe. Na same shi zaune a kan tabarma a tsakar gida, da rana tsaka, ya rame, gemu ya fito masa. A hannunsa akwai wata sarƙar wuya ta baƙaƙen duwatsu masu sheƙi, yana juya ta.

"Mushe, jibi zan tahi. Ka tashi ka karɓi inji. Na sayo sabon jiklar. Ka san a Jibiya jet suke ce masa?"

"Wannan ma jet ne," in ji shi, ya miƙo mini sarƙar.

Na karɓa. Na zaci za ta yi nauyi da sanyi irin na dutse, sai na ji ba nauyi, kuma da ɗumi.

"Ta Saratu ce. Wata tsohuwar Baturiya ta mishan ta ba uwarta da za ta koma ƙasarsu. A can matan da mazansu suka mutu suke sa irinta, don baƙinta. Sunan ɗaya ne da na jirginka, amma ba gidansu ɗaya ba. Wannan ba ruwansa da jifa. Wani gari ne a bakin teku, a ƙasar Turkawa ta yanzu, Gagai, can mutanen da suke tsintarsa. Girkawa suka ce masa dutsen Gagai. Sunan ya bi baki ya bi baki, yana gajercewa, Faransawa suka taune shi, har ya iso Ingilishi ya zama jet. Kuma ba dutse ba ne na gaske. Itace ne da ya daɗe a binne har ya manta shi itace ne."

Ya karɓe ta ya goga ƙwaya ɗaya a hannun rigarsa, ya kai ta kusa da wani ɗan ƙaiƙayi a kan tabarma. Ƙaiƙayin ya yi tsalle ya manne.

"Saratu takan yi wa yara wannan wasa," ya ce.

"Mushe, albasarka na mutuwa kana ba ni tarihin dutse."

"Bar ta ta mutu, Malam. Tahi Makkarka. Allah ya kai ka lahiya."

"Karatun Rahila hwa? Ba a kan albasar nan yake ba?"

Rahila ƴarsa ce, tana koyon aikin jinya a Maraɗi. Ya ci gaba da juya sarƙar.

Na je wurin liman na faɗa masa halin da nake ciki. Ya ce kujera ta samu, lafiya ta samu, in tafi, arziki na Allah ne. Gaskiya ya faɗa. Na dawo gida ina kai da kawowa tsakanin zaure da rumbu, har innarku ta gaji da ganina.

"Malam, ka zauna ko ka hita, kana sa ni jiri."

"Ke mi kika gani?"

"Ni ban ga komai ba. In ka tahi, Allah ya kiyaye hanya, ni ce matar Alhaji. Amma ka sani ba Mushe kaɗai ke ci daga rijiyar nan ba. Geron bana ka ga yadda ya yi. Kada ka dawo ka ce ban hwaɗa ba."

Na rubuta wannan don kada wani ya mai da ni waliyyi bayan raina. Tuwonku ma yana cikin abin da na auna.

Ranar Lahadi bayan sallar asuba na ce bari in je in ɗaura sabon jet ɗin, in ba su ruwa sau ɗaya, in ya so duk abin da zai faru bayana ya faru. Lahadi dai ranata ce. Jakata na ƙulle a zaure, sabuwar rigata na rataye. Na ɗaura, na ja igiya, inji ya tashi da murya mai kyau, ruwa ya tsarto. Na fara da na Mushe kamar yadda na saba. Ƙasar ta bushe har tana ƙara in ruwa ya taɓa ta. Na ce in gama wannan fangalin in tafi. Da na gama, na kusa da shi ya fi shi jin jiki. Na ce to wannan ma. Rana ta ɗaga. Na jiyo odar mota daga tasha, ta yi ta sake yi. Ƙafata ɗaya tana son gudu, hannuna ya ƙi sakin tiyo. Na duba inda na fara shayarwa, sai na ga ganyen ya soma miƙewa, kuma na san in na tafi, wannan miƙewar ta banza ce, jibi za su sake kwanciya ba mai tashe su.

Sai ga innarku ta ratso lambuna da jakata a ka, rigar a kafaɗa, tana haki.

"Malam, mota na jiranka. Direba ya ce in ba ka zo ba zai tashi."

"Saura kaɗan."

Ta dubi lambunan biyu, ta dubi inda na kai. Ko rabi ban yi ba.

"Malam, dube ni. Za ka ko ba za ka ba?"

Na buɗe baki in ce za ni. Abin da ya fito shi ne, "Mai da jakar gida."

Ta sauke jakar a gindin zogale, ta naɗe zanenta, ta ɗauki fartanya ta shiga buɗe mini bakin fangali. Muna cikin haka muka ji motar ta tashi. Dambun naman nan ku kuka cinye shi, kuna murna.

Abin da ya biyo baya ba daɗi. Alhaji Mamman ya ce na wulakanta shi a idon duniya, ya yi shekaru ba ya amsa gaisuwata, kuma ban ga laifinsa ba. A teburin mai shayi aka fara.

"Alhaji, barka da sauka. Ashe jet ɗin Jibiya ya hi na Yamai sauri, har ka dawo?"

"Alhajin Jet, ina tsarabarmu? Ko zamzam ɗin a rijiyar Mushe yake?"

Ranar Arfa ina tsaye cikin laka, rediyo a rataye a reshe, ina jin talbiyar mahajjata. Na kashe inji na zauna na yi kuka kamar yaro. Ban ji wani sanyin zuciya na wanda ya yi abin kirki ba. Haushi nake ji, na Ilu, na Mushe, na albasa, na kaina. In jirgi ya wuce sai in sunkuyar da kai.

Albasa ta fara ƙwai sannan Mushe ya fito. Wani ne ya gaya masa a bakin kasuwa cewa ban tafi ba. Ya zo lambu da sauri, a fusace, ban taɓa ganinsa haka ba.

"Wa ya sa ka? Na roƙe ka? Ban ce ka tahi ba?"

"Ka ce."

"To don mi? Yanzu duk garin nan in an gan ni a ce ga arnen da ya hana Malam zuwa Makka. Ka ɗora mini abin da ba ni da inda zan sauke shi. In gero ne sai in auna maka. Wannan da mi zan biya?"

"Ban bi ka komai ba, Mushe. Lahadi ce ta yi tsawo."

Bai yi dariya ba. Mun cire albasa tare, ta yi kyau, Rahila ta gama karatunta. Amma zaman bai koma yadda yake ba. In muka haɗa ido sai ya kau da kai. Kafin damina ya kwashe kayansa ya koma Maraɗi, ya bar mini lambunsa aro. Kowace shekara nakan aika masa da rabonsa, ya karɓa ya aiko da godiya a bakin direba. Sai a gaisuwar mutuwa muke haɗuwa, mu gaisa kamar baƙi. Na rasa Makka, na rasa abokin hira, duk a shekara ɗaya. Wannan na biyun ba wanda ya taɓa tambayata a kansa.

Haka aka yi shekaru, har na fid da rai. Kuka girma, kuka watse. Maƙwabta suka koma injin hasken rana, ni na riƙe tsohona, an canja masa kusan komai amma shi ne. Na dasa mangwaro da lemo a lambunan biyu. Sai Allah ya buɗa wa Sani, ya zama mai motar kansa, ya biya mini kujera. Wannan karon hajji ya faɗo a ƙarshen bazara, lokacin da ƙasa ke ƙuna, ruwan sama bai sauka ba, ƙananan dashe kuwa ba sa haƙuri. Tsohuwar damuwa ta dawo mini sabuwa. Na shiga neman wanda zan bar wa inji, duk wanda na kalla sai in ga allurar buhu a hannunsa.

Ana saura ƴan kwanaki, ina lambu da hantsi, sai ɗan kabu-kabu ya tsaya a bakin shinge ya sauke wani tsoho da sanda, da tabarma a naɗe, da ƴar jaka. Sai da ya matso na gane shi.

"Malam, Rahila ta ji a likita wai za ka tahi. Na zo Juma'ata."

"Mushe, ai ka tsufa. Igiyar nan ba za ta jawu gare ka ba."

"Kai ne yaro? Matsa."

Ya ajiye sanda, ya taka inji da ƙafa, ya ja. Bai tashi ba. Ya sake ja, ya yi tari ya mutu. Ya tsuguna ya kwance jet, ya sa a baki ya hura, ya ɗaga shi wajen rana yana kanne ido. Da ya mayar ya ja, inji ya kama. Ya shimfiɗa tabarmarsa a bukkar lambu ya ce nan zai zauna har in dawo, Lahadi ma ba inda za shi, Allahnsa ya san inda yake. Innarku ta ce tuwonsa a wuyanta.

Na hau jirgi. Da ya zabura a kan titinsa, bayana ya manne da kujera, na ce a raina lalle jifa ne, Mushe bai yi ƙarya ba. Labarin aikin hajji yana babin gaba da wannan a tsarin littafin, ba nan ne wurinsa ba. Abu ɗaya kawai zan faɗa. A Madina na ga wani Baturke yana sayar da carbi, cikinsu akwai wani baƙi mai sheƙi. Na ɗauka, ba nauyi, da ɗumi. Na goga shi a hannun rigata na kai shi kusa da wani zare, zaren ya manne. Mai kayan ya yi dariya yana nuna ƙirjinsa, alamar daga ƙasarsu ne. Na saya.

Ranar da na dawo, gida cike da ƴan barka, na saci jiki da la'asar na nufi lambu. Tun daga nesa na ga kore. Ko dashe ɗaya bai mutu ba. Mushe na zaune a bakin rijiya, ya ƙara baƙi, ya ƙara ramewa, leɓensa ya tsage, warin isansi na tashi daga jikinsa. Na zauna kusa da shi na miƙa masa dabino da zamzam. Sannan na fiddo carbin. Ya karɓa ya auna a tafin hannu, ya dube ni. Ya sa hannu a aljihu ya fiddo sarƙar Saratu ya jera su a gwiwarsa. Ba ka bambance su.

"Ka je har gidansu ke nan," ya ce.

"Kusa dai."

Ya maido mini da nawa, ya mayar da tasa aljihu. Ya daɗe yana kallon ruwan da ke kwance a gindin mangwaro.

"Alhaji," ya ce. Ranar ya fara kirana haka. "Na biya? Mun yi?"

"Mun yi, Mushe."

Ya sauke numfashi, ya dafa kafaɗata ya miƙe, ya ɗauki sandarsa.

"To gobe Lahadi. Na daɗe ban je majami'a ba."

"Tahi abinka," na ce. "Ranata ce."